Taufik Pasha, wazirin da ake kira in gida ya kama wuta

Ranar 23 ga Fabrairun 1921 aka shigar da Turkawa zauren taro a fadar St James da ke Landan, inda Firayim Ministan Ingila Lloyd George da wakilan Faransa da Italiya ke jiran su. Ƙasa ɗaya, tawaga biyu. Ta farko ta taso daga Santambul da sunan Sarki Wahiduddin, wanda sojojin ƙasashen ƙawance ke zaune a birninsa, ƙarƙashin Babban Waziri Ahmad Taufik Pasha, tsoho da ya haura 75, ga rashin lafiya. Ta biyu ta taso daga Ankara, inda Mustafa Kamal da majalisarsa suka ja daga, Bakir Sami Bey ne a gabanta. Otal ɗaya aka sauke su, Savoy, kowa da hawansa. Ba sai an yi duba ba kafin a gane abin da masu masauki ke fata: Turkawa su kaure da sa-in-sa a gabansu, sai a ce to, tunda ba ku da baki ɗaya, ga yarjejeniyar Sevres nan, wadda ta yayyanka ƙasarku bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yadda aka rubuta ta.

Da aka ba Taufik dama, ya yi 'yar gajeruwar magana, sannan ya ce saura ya bar wa wakilan Ankara, don su ne al'umma ta zaɓo. Ya ja bakinsa ya yi shiru. Mutumin da ya yi kusan shekara hamsin yana magana da yawun Daular Usmaniyya ya miƙa maganar ga jakadan waɗanda fadarsa ta kira 'yan tawaye, har ta yanke wa shugabansu hukuncin kisa watanni tara da suka wuce.

Na ba kawuna wannan labari wata rana bayan la'asar. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi aiki ƙarƙashin masu kaki da masu babbar riga har ya yi ritaya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, wannan shi ne ma'aikaci." Ƙanena da ke gefe, wanda duk abin da ya sani game da Usmaniyya daga finafinan Turkiyya ya samo shi, ya ce, "Haba Kawu, mutum ya yi wa sarki huɗu aiki, kowa ya zo nasa ne, ai wannan ɗan a-bi-yarima ne." Kawu bai tanka ba, ya dai dube shi irin duban da manya ke yi wa yaron da bai taɓa riƙe amanar ko kwabo ba. Tun ranar nake juya maganar. Inda na tsaya shi ne, zaman da Taufik ya yi a kujerar waziri cikin shekarun rugujewa daidai ne, kuma Turkiyya ta amfana da shi. Amma kirarin tsarki da ake yi masa ya yi yawa, kuma ƙanena bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Asalinsa Tatar ne na Kirimiya, ɗan janar, haifaffen Uskudar. Ya fara da aikin soja ya bari, ya shiga ofishin fassara na Babi Ali, wato hedkwatar gwamnatin daular, ƙofar da yawancin jakadun daular ke bi. Roma, Biyana, San Pitasbag, Atina, sai Berlin inda ya yi shekara goma, sannan Sarki Abdulhamid ya ɗauko shi ya ba shi ma'aikatar harkokin waje a ƙarshen 1895. Duk wanda ya bi sawunsa zai lura da wani abu: kamar an rubuta masa ya zama mai rufe ƙofa. Yana San Pitasbag a 1877 Rasha ta ayyana yaƙi, ya naɗe tabarma ya dawo gida. Yana jakada a Landan a watan Agustan 1914 Churchill ya ƙwace jiragen yaƙi biyu da Turkiyya ta saya a Ingila, Sultan Osman da Rashadiyya, waɗanda talakawa suka yi karo-karo wajen biyan kuɗinsu. Watanni uku bayan nan aka shiga yaƙi, ya sake naɗe tabarma.

Sama da shekara 13 ya yi yana ministan harkokin waje, amma kowa ya san siyasar waje a fadar Sarki ta Yildiz ake dafa ta, minista zuba wa baƙi kawai yake yi. A 1897 sojojin daular suka lallasa Girka cikin wata guda, manyan ƙasashe suka sa baki, aka mayar da kusan duk yankin Tesaliya, kuma Taufik ne ya sa hannu. A 1899 Ingila da Faransa suka zauna suka raba ƙasashen da ke kudu da Tarabulus, hanyar da fataken Kano da Borno ke bi da fatu da gashin jimina, alhali Babi Ali na ganin yankin bayan gidanta ne. Abin da aka iya shi ne takardar nuna rashin yarda. A 1908 Ostiriya ta haɗiye Bosniya, Bulgeriya ta ayyana 'yancin kanta, aka sake rubuta takarda. Ya ƙware a wannan sana'a ta ihu bayan hari cikin Faransanci mai kyau.

A nan ne nake da tuhuma ta farko. Lokacin da ya karɓi ma'aikatar, ana tsakiyar kisan Armeniyawa a lardunan gabas, kisan da aka yi tsakanin 1894 da 1896, wanda wasu ƙiyasin suka haura mutum dubu ɗari. Aikin minista a wannan lokaci shi ne ya tarbi jakadun Turai ya sanyaya su. Taufik ya yi aikin, bai ajiye muƙami ba. Masu yabonsa suna cewa bai saci dukiya ba, bai shiga cikin 'yan leƙen asirin fada ba, bai yi jam'iyya ba. Na ji. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma farar rigar da ya fito da ita daga zamanin Abdulhamid, shirun da ya yi ne ya biya kuɗin wankinta.

Wannan farar riga ce ta zame masa jari. A watan Afrilun 1909 sojoji da ɗaliban addini suka yi bore a Santambul, gwamnati ta faɗi, 'yan Ittihad, jam'iyyar Matasan Turkawa da ke juya gwamnati, suka ɓuya. Wa za a ba hatimi wanda ba zai tunzura kowa ba? Taufik. Ya riƙe birnin har rundunar Mahmud Shaukat Pasha ta iso daga Salonika, aka tuɓe Abdulhamid ranar 27 ga Afrilu, aka naɗa Muhammadu Rashad. Makonni uku ya yi, ƙura ta lafa, aka ce masa sannu da aiki, ga Landan can je ka yi jakadanci. Haka ake yi da irinsa. Ba a tuna su ranar rabon ganima.

Aka sake tuna shi a Nuwamban 1918. An sa hannu kan tsagaita wuta a Mudros ranar 30 ga Oktoba, Tal'at da Anwar da Jamal, waɗanda suka jefa ƙasar cikin yaƙi, sun sulale cikin dare a jirgin ruwan Jamus. Ranar 11 ga wata Taufik ya karɓi hatimi, ranar 13 jiragen yaƙin ƙasashen ƙawance suka jeru a mashigin Bosforus, bakin igwoyinsu na kallon fada. A ranar ce kuma Mustafa Kamal ya sauka daga jirgin ƙasa, dawowarsa daga fagen Sham. Ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su amince da gwamnatin tsohon, ya zauna a wurin 'yan kallo yana ji aka kaɗa ƙuri'a, Taufik ya tsallake. Ashe tun daga nan janar ɗin ya karanci mutumin: mai mutunci ne, amma ba zai taɓa ce wa fada a'a ba.

Bai yi sati shida ba ya gaskata shi. Ranar 21 ga Disamban 1918 aka karanta umarnin Sarki na rushe majalisar wakilai, da yardar gwamnatin Taufik. Hujjar ita ce majalisar cike take da 'yan Ittihad, kuma wa'adinta ya wuce. Gaskiya ne. Amma ba a sake zaman majalisa ba sai Janairun 1920. Shekarar 1919 gaba ɗaya, shekarar da ake yanka ƙasar a teburin Paris, shekarar da sojan Girka ya sauka a Izmir ranar 15 ga Mayu, Turkawa ba su da wani zaure da za a tashi a ce ba mu yarda ba. Wannan ne laifinsa mafi girma a idona, domin shi ya share wa Damad Farid Pasha, wanda ya gaje shi a kujerar waziri, fili.

Wani abu na wannan zango ya cancanci a ambata. Gwamnatinsa ce ta fara kama jiga-jigan Ittihad kan kora da kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a 1915, kuma a Fabrairun 1919 ta nemi ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba, irin su Sifen da Holan da Denmark da Sweden, su aiko alƙalai su shiga binciken. Ingila ba ta so ba, maganar ta bi ruwa. Wani zai ce neman adalci ne, wani zai ce dabarar tsohon jakada ce ta fitar da shari'ar daga hannun masu mamaya. Ni ina ganin duka biyun ne, kuma haka yawancin ayyukansa suke.

Sai an ajiye shi kusa da Damad Farid ake ganin bambancin. Farid mijin 'yar'uwar Sarki ne, ya hau kujerar a Maris 1919 da imanin cewa in aka kwantar wa Ingila da kai sosai za ta ji tausayi. A zamaninsa Shaihul Islam Durrizada ya ba da fatawar halatta jinin mutanen Ankara, a Afrilun 1920. A zamaninsa aka haɗa runduna da sunan Halifa aka tura ta yaƙar 'yan'uwanta Musulmi a Anatoliya. Da za a karɓi sharuɗɗan sulhu a Paris a watan Mayun 1920, Taufik aka tura, don ana bukatar fuskar da Turawa ke ganin girmanta. Ya karanta: sojan ƙasa kada ya wuce mutum 50,700, mashigan ruwa a hannun hukumar baƙi, baitulmali a hannun wata hukumar baƙin, gabashin Tiras ga Girka, Izmir ƙarƙashin mulkin Girka na shekara biyar kafin a yi ƙuri'a, iyakar Armeniya kuma shugaban Amurka Wilson ne zai zana. Ya aika gida cewa waɗannan sharuɗɗa ba su dace da 'yanci ba, ba su ma dace da ma'anar ƙasa ba. Ya dawo bai sa hannu ba. Wasu mutum uku ne suka sa, ranar 10 ga Agusta, a Sevres.

Da Turawan suka ga Farid ba zai iya kawo masu Anatoliya ba, su da kansu suka ga gara a canza shi. Ranar 21 ga Oktoban 1920 hatimi ya koma hannun Taufik karo na uku. Waɗannan shekaru biyu su ne dalilin da ya sa nake kare shi.

Duba halin da ya tarar. Birnin na ƙarƙashin mamaya a hukumance tun 16 ga Maris, 'yan sandan ƙawance na yawo a titi, albashin ma'aikata sai an yi roƙo, 'yan gudun hijira sun cika masallatai. Ikonsa bai wuce Santambul da kewayenta ba. Abin da ake so daga gare shi ɗaya ne, ya tabbatar da Sevres. Sai ya shiga abin da ya fi kowa iyawa, wato jan ƙafa cikin ladabi: ai sai majalisa ta amince, ai babu majalisa, ai sai an sasanta da Ankara tukuna. Yarjejeniyar ta mutu a aljihun tebur ba a taɓa tabbatar da ita ba. Ya tura ministocinsa biyu, Izzat Pasha da Salih Pasha, su gana da Mustafa Kamal a tashar Bilejik ranar 5 ga Disamba. Kamal ya sa su a jirgi ya tafi da su Ankara, ya riƙe su har Maris. Wani waziri da ya mai da wannan dalilin sabon yaƙi, Taufik ya haɗiye. A waɗannan shekarun makamai suka yi ta sulalewa daga rumbunan Santambul zuwa tashar Inebolu a cikin kwale-kwale, hafsoshi suka yi ta bin su, gwamnati ta kau da kai. Ɗansa na cikinsa ma, Isma'il Hakki, mijin Ulwiyya 'yar Sarki Wahiduddin, ya bar fada ya tsallaka Anatoliya a 1922, abin da ya ci aurensa.

Masu cewa mutumin kirki ba ya zama a gwamnatin da ke ƙarƙashin takalmin baƙi suna mantawa cewa kujera ba ta zama babu kowa. In Taufik ya ƙi, Farid na nan, masu irin halinsa na nan. Mu nan ba baƙin wannan muhawara ba ne. Da Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari kuma ya dawo da jama'a ya zauna da Nasara, daga baya ya rubuta hujjarsa, har yau ana musu a kai. Bambancin shi ne Taufik yana da Ankara a bayan dutse, yana kuma sane cewa duk ranar da ya ja wa Turawa rai, rana ce da aka ƙara wa masu riƙe da bindiga.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mutanen Ankara suna ganin saukin kan Taufik ya fi zafin Farid haɗari. Farid kowa ya gan shi ya san maƙiyi ne. Taufik kuwa yana ba fada fuskar mutunci, yana sa masu rauni su ce ai a koma a sasanta da Sarki. A Janairun 1921, da majalisar Ankara ta rubuta a tsarin mulkinta cewa mulki na al'umma ne ba tare da sharaɗi ba, Kamal ya nemi Taufik ya sa Sarki ya amince da majalisar a rubuce. Taufik ya zille. Wata guda bayan nan ne ya yi abin da ya yi a Landan. Ka ga ke nan abin da ya miƙa a zauren St James magana ce, ba sarauta ba. Ya gane cewa bakin da ke da bindiga a bayansa shi Turawa za su saurara, ya bar shi ya yi magana, yana fatan in an ci nasara kowa zai dawo ƙarƙashin inuwar gidan Usman. Wannan bai rage darajar abin ba a wurina. Dattawa nawa ne za a ba su dama a gaban duniya su ce ga yaron can ya fi ni cancanta? Taron dai bai haifar da komai ba, Bakir Sami ma ya rasa muƙaminsa saboda yarjejeniyoyin da ya ƙulla a gefe ba da izini ba, amma Turawa sun fita daga zauren ba su samu ɓarakar da suka zo nema ba.

Fatan nan nasa shi ya kai shi ga kuskuren ƙarshe. An yi yaƙin Sakarya a 1921, an kori sojan Girka, an shiga Izmir ranar 9 ga Satumban 1922, an sa hannu kan tsagaita wuta a Mudanya ranar 11 ga Oktoba. Ƙasashen ƙawance suka sake tsohuwar dabara, suka gayyaci gwamnatocin biyu zuwa taron sulhu a Lozan. Tsohon da ya san ya yi shiru a Landan, wannan karon sai ya buga waya Ankara, da farko ga Kamal, sannan ranar 29 ga Oktoba ga majalisa kanta, yana cewa tunda an yi nasara saɓani ya ƙare, a haɗu a tsara tafiya tare. A kunnen mutanen da suka binne 'yan'uwansu a Sakarya, wannan magana ce ta wanda bai yi noma ba ya zo da buhu ranar sussuka. Majalisa ta hargitse. 'Yan majalisar da a da ba za su yarda a taɓa sarauta ba suka tashi suna tsine wa Babi Ali. Kamal, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya hau kan benci a zaman kwamiti ya gaya wa malamai masu jan muhawara cewa mulki da ƙarfi ake karɓarsa, al'umma ta riga ta karɓa, in ba a gane ba wataƙila wasu kawuna su faɗi. Ranar 1 ga Nuwamba aka raba sarauta da halifanci, aka soke sarautar. Wayar da Taufik ya buga don ya ceci gidan da ya yi wa hidima tun yana saurayi, ita ce ta ba da sandar da aka rushe shi.

Ranar 4 ga Nuwamba ya kai wa Sarki takardar murabus, ba a naɗa kowa a gurbinsa ba. Kwana biyu bayan haka taron jama'a suka kashe ɗan jarida Ali Kamal, mai adawa da Ankara, a Izmit. Ranar 17 ga wata Wahiduddin ya shiga jirgin yaƙin Ingila mai suna Malaya zuwa Malta, ya rasu a San Remo a 1926 cikin bashi. Tal'at an harbe shi a Berlin, Jamal a Tiflis, Anwar ya faɗi a tsakiyar Asiya, Farid ya mutu a Nis a 1923. Da jamhuriya ta fitar da jerin mutum 150 da ta haramta wa zama a ƙasar, har da duka mutum ukun da suka sa hannu a Sevres, babu sunan Taufik.

Da na kai nan a labarin, ƙanena ya ce, "To Kawu, ka ji ko? Shi kaɗai ya tsira." Kawu ya ce, "Yaro, wa ya nemi jininsa balle ya gudu?"

Ya zauna a Santambul, ya ga an soke halifanci a Maris 1924, ya ga an canza haruffan da ya yi rayuwarsa yana rubutu da su, da aka yi dokar sunan iyali a 1934 ya zama Ahmad Taufik Okday. Gidansa na unguwar Ayaspasha, mai kallon Bosforus, iyalinsa suka mai da shi otal, wanda aka sani da Park Otel, kuma Mustafa Kamal na cikin masu zuwa cin abincin dare a can. Ya rasu ranar 8 ga Oktoban 1936, ya haura shekara 90.